Madatsar Ruwa ta Tiga

Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda aka fi sani da Dam ɗin Tiga, babbar madatsa ce da aka gina a kan Kogin Kano a ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, Najeriya. An fara aikinta a shekarar 1971, aka kammala a 1974, a zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan farko na jihar Kano. Ita ce madatsa mafi girma a kwarin kogunan Haɗejiya da Jama'are. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, kuma wani kaso na ruwan famfon birnin Kano daga gare ta yake fitowa.

Fiye da shekara hamsin bayan gina ta, har yanzu ba a daina gardama a kan gadon da ta bari ba. A Kano ana kawo ta a matsayin misalin hangen nesan shugabannin da. A Haɗejiya da Kirikasamma da Guri a jihar Jigawa, da Nguru da Gashuwa a jihar Yobe, sunan Tiga ya fi tasowa idan ana zancen ambaliya, ko ciyawar kacalla, ko ƙafewar fadama.

Suna

Kalmar "dam" aro ce daga Turanci, amma ma'anarta ta faɗaɗa a bakin Hausawa. A Turanci bangon da ya tare ruwan ake nufi. A Hausar yau da kullum kuwa, idan aka ce yara sun tafi dam, ko masunta suna cikin dam, tafkin ake nufi. "Madatsa", daga aikatau "datse", ita ce kalmar da gidajen rediyo da littattafan makaranta suka fi amfani da ita. A wannan muƙala "madatsa" tana nufin ginin, "tafki" kuma ruwan da ya taru a bayansa.

Kogin da fadamarsa

Kogin Kano ya taso ne daga tuddan da ke kudancin jihar, ya ratsa dajin Falgore kafin ya iso Tiga. Kusa da Tamburawa yake haɗuwa da Kogin Chalawa, daga nan su zama kogi ɗaya da ke wucewa ta Wudil da Ringim zuwa Haɗejiya. Bayan Wudil ƙasar takan sauya. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar Kano ya ƙare, an shiga yashi da laka na kwarin Chadi, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai. A nan kogin yakan rage gudu, ya rarrabu. Gabas da garin Haɗejiya ya kasu zuwa rassa, daga ciki akwai tsohon Kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da Marma wanda ke zuba a tafkin Nguru. Akwai kuma reshen Kafin Hausa da ke ɓallewa tun kafin a iso garin. Kusa da Gashuwa ruwan Haɗejiya yake haɗuwa da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar ta yankin Diffa har Tafkin Chadi. (A harshen Kanuri "komadugu" kogi ke nan, saboda haka mai cewa "Kogin Komadugu" ya maimaita kalma ɗaya sau biyu.)

Tsakanin waɗannan rassa akwai tsofaffin tuddan yashi, irin ƙasar da ake kira jigawa, wadda daga gare ta jihar ta sami sunanta. A ƙarƙashinsu kuma akwai fadama. Kafin a gina Tiga, rayuwar yankin ta dogara ne a kan zuwan ruwa da komawarsa. Kogin yakan cika a watannin Agusta da Satumba, ya malala cikin fadamu, sannan ya fara janyewa bayan damina. Da rani yawancin rassan sukan ƙafe, sai ƙududdufai nan da can.

Fili ɗaya yakan ciyar da mutane iri uku a shekara guda. Manomi yakan shuka shinkafa da ruwan farko, ta yi ta tsawo tare da ambaliya. Kifi yakan bi ruwan ya shiga cikin ciyayi ya hayayyafa, masunta su tare shi a hanyar komawarsa kogi. Idan ruwa ya janye, a shuka wake da sauran amfanin gona a kan danshin da ya bari, ba tare da ban-ruwa ba. Bayan girbi Fulani su shigo da shanu su ci kara da ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe. Wani ɓangaren ruwan kuma yakan nutse cikin yashi ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ko ganin kogin ba sa yi, ya raya goruba da sauran itatuwa. Mutanen da suka dogara da wannan tsari, Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, sun haura miliyan ɗaya.

Gini

An ƙirƙiri jihar Kano a watan Mayun 1967, kuma a lokacin ta haɗa da masarautun Haɗejiya da Gumel da Kazaure. Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauki ruwa a matsayin babbar matsalar jiha mai yawan jama'a da gajeriyar damina. Gwamnatinsa ta tsara madatsun ruwa da dama. Bagauda ce ta fara, sannan aka shiga Tiga. Ana tsakiyar aikin fari mai tsanani na 1972 zuwa 1974 ya afka wa yankin Sahel, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada. A daidai lokacin kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi suka shigo wa gwamnati. Yunwa ta ba da hujja, mai ya ba da kuɗi.

Madatsar ta ƙasa ce da aka jibge aka daddanne. Tsayinta ya kai mita 48, tsawonta kuma kusan kilomita 6. Tafkin, idan ya cika, yana mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Wannan adadi ya zarce abin da Kogin Kano ke kawowa a shekara guda, wato an gina ta ne yadda za ta iya riƙe ruwan damina gaba ɗaya, har da ajiyar shekarar fari. Ma'aikatan gwamnatin jiha ne suka yi aikin, sashen da aka sani daga baya da WRECA, abin da Kanawa ke alfahari da shi har yau. A gefen tafkin an gina otal ɗin Rock Castle don masu yawon shaƙatawa.

Dubban mutane ne aka tasa daga ƙauyuka da gonakin da ruwa ya cinye. Da yawansu sun bar fadama mai albarka aka tsugunar da su a kan tudu, kuma ƙorafin diyya ya daɗe yana yawo a yankin.

A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasar, madatsar ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, mai hedikwata a Kano. Bayan ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988, wadda ta jawo asarar rayuka da gidaje, hankali ya koma kan lafiyar Tiga. A 1992 aka rage tsayin mafitar rarar ruwanta domin sauƙaƙa wa bangon nauyi, abin da ya rage yawan ruwan da tafkin ke iya riƙewa. A shekarar ce kuma kamfanin Julius Berger ya kammala madatsar Chalawa a ƙaramar hukumar Ƙaraye, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 900. Madatsun biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya.

Aikin noman rani na Kogin Kano

Babban dalilin gina Tiga shi ne Aikin Noman Rani na Kogin Kano, wanda kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya zana. Ruwa yana fita daga tafkin ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, ya gangara da kansa ba tare da inji ba zuwa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko ya kai hekta 22,000. An shafe shekaru ana noma kusan kashi biyu cikin uku na wannan fili kawai, kashi na biyu na aikin kuma, wanda aka so ya fi na farko girma, bai tabbata ba.

Alkama aka sa a gaba da farko, domin a rage shigo da ita daga waje don yin burodi. Masu bincike sun soki wannan manufa tun da wuri. Tina Wallace, wadda ta yi nazari a yankin a shekarun 1970 tana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta nuna cewa ƙaramin manomi yakan kasa biyan kuɗin taki da tarakta da ƙwadago, sai ya ba da hayar gonarsa ga mai hali. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a littafinsu The Wheat Trap na 1985, sun yi bayanin cewa alkamar da ake nomawa a irin waɗannan ayyuka ta fi ta waje tsada nesa ba kusa ba, ga shi ba ta kusa isar ƙasar ba.

Duk da haka, wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani zai ga abin da madatsar ta haifar. Manoma sun karkata daga alkamar da aka tsara musu zuwa abin da kasuwa ke so. Kura ta zama cibiyar noma da casar shinkafa. Kasuwar Kwanar Gafan tana loda tumatir zuwa Legas da sauran biranen kudu. Matasan da a da za su tafi cin rani suna samun aiki a gida, wasu ma daga wasu jihohi suke zuwa. Ruwan da ake saki cikin kogi yana kaiwa matatar Tamburawa, daga baya kuma gwamnatin jihar Kano ta kafa tashar lantarki ta megawat 10 a jikin madatsar. Duk mai sukar Tiga sai ya fara amsa tambayar yadda Kano ta yau za ta kasance ba tare da ita ba.

Abin da ya faru a ƙasan kogi

Waɗanda suka tsara madatsar sun ɗauki ruwan da ke malala a fadamar Haɗejiya a matsayin ruwan da ke tafiya a banza, rana ta shanye shi. Ba a lissafa shinkafar fadama da kifi da kiwo a matsayin amfanin da za a iya rasawa ba, domin ba sa cikin kundin kowace ma'aikata. Wannan shi ne tushen matsalar.

Hotunan sama da aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1960 sun nuna ambaliya tana rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 a dausayin Haɗejiya da Nguru. A farkon shekarun 1990 filin bai kai murabba'in kilomita 1,000 ba, a 1993 kuma, bayan an rufe Chalawa, ya sauka ƙasa da 500. Ba daidai ba ne a ɗora wa madatsa laifin duka, domin ruwan sama da kansa ya ragu ƙwarai a shekarun 1970 da 1980, musamman a 1984. Amma fari yakan zo ya wuce. Madatsa kuwa tana nan kowace shekara, kuma a shekarar ƙarancin ruwa tafki ne ke fara sha kafin fadama.

Inda ambaliya ta daina kaiwa, gonakin shinkafa sun koma na gero ko sun zama fako. Rijiyoyi sun ƙara zurfi, itatuwa sun bushe a tsaye. Da makiyaya ta ƙuntata, manoma kuma suka matsa bakin kogi da injinan ban-ruwa, sai burtalin shanu da mashaya suka toshe. Rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma yana da dalilai da yawa, amma raguwar filin da kowa ke nema tana cikin manyansu.

Sai dai ƙarancin ruwa rabin labarin ne. Abin da madatsun suka fi canzawa shi ne lokacin zuwan ruwan. An rage ƙarfin ambaliyar damina, wadda a da take wanke hanyoyin ruwa ta kwashe yashi da ciyawa. Da rani kuma, saboda ana sakin ruwa don birnin Kano da gonakin noman rani, kogin da ya saba ƙafewa ya koma yana gudana duk shekara. Wuraren da suka saba jiƙewa wata huɗu su bushe wata takwas, wasu sun bushe gaba ɗaya, wasu kuma ruwa ya zauna a kansu bai ƙara tashi ba.

Kacalla

Kacalla doguwar ciyawa ce da ke son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Takan fi mutum tsawo, tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka da kuma ta 'ya'yanta da iska ke kwasa. Da can bushewar rani ce ke hana ta sakat. Da ruwa ya zauna, sai ta sami gida. Daga shekarun 1990 ta mamaye dubban hektoci a gefen Marma da tafkin Nguru da kewayen Haɗejiya.

Yadda take ɓarna a bayyane yake. Tana rage gudun ruwa, yashi ya kwanta a gindinta, hanyar ruwa ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin tsira. A haka tsohon Kogin Haɗejiya da Burum Gana suka toshe, yawancin ruwan ya karkata zuwa Marma. Sakamakon ya zama abin mamaki: ƙauyukan gefen Marma ruwa ya cinye musu gonaki, alhali waɗanda ke kan rassan da suka toshe suna kukan ƙishirwa, tsakaninsu kuma tafiyar 'yan kilomita ce. Ruwan Haɗejiya da ke isa Gashuwa ya zama kaɗan ƙwarai, har Komadugu Yobe ya koma dogaro da Jama'are kusan kacokan.

Kacalla tana hana kwalekwale wucewa, tana hana jefa koma. Ita ce mafakar tsuntsayen janbaki da ke faɗa wa shinkafa da gero da dawa dubbai-dubbai, kuma ruwan da ke kwance a cikinta yana raya sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Al'ummomi sukan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda su share hanya, gwamnati kuma takan kawo injinan yanka. Idan ba a canza yadda ruwa ke zuwa ba, ciyawar takan dawo. Irin wannan ya faru a Kogin Senegal bayan gina madatsar Diama, abin da ke nuna cewa matsalar ta tsarin ruwa ce.

Lissafin riba da asara

A 1987 aka kafa Shirin Kare Dausayin Haɗejiya da Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyar IUCN da ƙungiyoyin kare tsuntsaye. Tsuntsaye ne suka fara jawo hankalin Turawa, domin dausayin masauki ne na agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai lokacin sanyi. Amma binciken da shirin ya haifar ya fi ba da ƙarfi a kan mutane. A 1993 G. E. Hollis da W. M. Adams da M. Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan muhalli da tattalin arzikin dausayin, wanda har yanzu ake komawa gare shi.

Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi wani lissafi da ya yi suna. Sun auna abin da fadama ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da ribar Aikin Kogin Kano. Idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta fi riba ninki ba ninki. A wani nazari da Barbier ya yi da Julian Thompson a 1998, sun gano cewa ribar da manyan ayyukan noman rani ke kawowa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar da ake yi a fadama ba. Ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba.

Ana iya yi wa wannan lissafi gyara. An yi shi ne a lokacin da aikin noman rani yake cikin mawuyacin hali, kafin bunƙasar shinkafa ta 'yan shekarun nan, kuma bai auna darajar ruwan sha na birni mai miliyoyin mutane ba. Abin da ya tabbatar, wanda ba a iya musantawa, shi ne cewa ruwan da ake cewa yana tafiya a banza yana da masu shi.

Shawarar da masu binciken suka bayar ba ta rushe madatsa ba ce. Sun nemi a riƙa sakin ruwa mai yawa da gangan a watan Agusta don a kwaikwayi ambaliyar da, sannan a rage sakin ruwa da rani don rassan kogi su bushe. An gwada makamancin haka a kwarin Logone a Kamaru daga 1994, inda aka buɗe wa ruwa hanya zuwa fadamar da madatsar Maga ta busar, kifi da makiyaya suka farfaɗo. A Tiga akwai cikas na gini: an yi mafitanta don ciyar da magudana, ba don sakin ruwa mai yawa a lokaci ɗaya ba, don haka nauyin irin wannan saki ya fi faɗawa kan Chalawa. Akwai kuma cikas na siyasa, wanda ya fi wuyar warwarewa.

Takaddama tsakanin jihohi

Lokacin da aka gina Tiga, Haɗejiya da Bebeji jiha ɗaya suke. A ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, ta cire Yobe daga Borno. Tun daga ranar madatsar da gonakin da take shayarwa suna jiha ɗaya, fadamar da ke ɗaukar sakamakon tana wasu jihohi biyu, mai riƙe da makullin kuma hukumar tarayya ce.

Wannan ya fi fitowa fili a shekarun ambaliya. A 2001 ruwa ya yi mummunar ɓarna a Kano da Jigawa, aka zargi madatsun biyu. A watan Satumban 2010 jami'an gwamnatin Jigawa sun shaida wa manema labarai cewa buɗe madatsun ya raba kimanin mutum miliyan biyu da muhallansu. Hukumar kogunan ta musanta, ta ce ba a buɗe komai ba, tafki ne ya cika ruwa ya bi ta mafitar rara da kansa. A 2020 da 2022 ma mutanen Haɗejiya sun kwana suna jera buhunan yashi a kan jingar da ke kare garin.

Jumlar "an sako dam" ta zama bayanin kowace ambaliya a Jigawa, kuma ba kullum take daidai ba. Ruwan sama mai yawa da ke sauka a ƙasan madatsun ba ya bi ta cikinsu, kuma a yawancin shekaru tafkunan suna rage ƙarfin ambaliya ne. Sai dai musun hukuma shi ma bai wanke ta ba. Idan aka bar tafki ya shiga damina a cike saboda tsoron ƙarancin ruwan rani, babu inda zai ajiye ruwan Agusta. Idan ruwan ya iso Haɗejiya kuma, hanyoyin da zai bi sun cike da yashi da kacalla. Ga shi shekarun da ambaliya ta yi ƙaranci sun sa mutane sun yi gini da noma a wuraren da kakanninsu suka bar wa ruwa.

A 2006 aka yi taro a Damaturu wanda Shugaba Olusegun Obasanjo da jihohi shida na kwarin, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka amince da tsarin kula da ruwan bai ɗaya, aka kuma kafa asusun amana don aiwatar da shi. An share wasu hanyoyin ruwa da kuɗin asusun, amma tsarin sakin ruwa mai kwaikwayon ambaliyar da bai zama ƙa'idar kowace shekara ba.

Makamantanta

Tunanin da ya haifi Tiga na zamaninsa ne. Tsakanin shekarun 1950 da 1980, ƙasashen kwaminisanci da na jari-hujja duk sun auna ci gaba da girman gini. Tarayyar Sobiyet ta ba Masar rance da injiniyoyi don gina babbar madatsar Aswan, wadda aka buɗe a watan Janairun 1971, shekarar da aka fara Tiga. Ta ba da lantarki da noman duk shekara, ta kuma kawo ƙarshen ambaliyar Nilu, ta tashi Nubiyawa daga garuruwansu. A cikin Sobiyet ɗin kanta, karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya don noman auduga ya ƙafar da yawancin Tekun Aral. Akan kwatanta wannan da ƙanƙancewar Tafkin Chadi, a ɗora wa Tiga laifi, amma a nan an wuce gona da iri: kusan duk ruwan Tafkin Chadi daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, rabon Komadugu Yobe ɗan kaɗan ne.

A Romaniya, Nicolae Ceaușescu ya rushe tsofaffin unguwannin Bukarest ya fara gina katafariyar fada a 1984. Bayan faɗuwarsa a 1989 an yi ta muhawara a kan abin da za a yi da ita, daga ƙarshe majalisar ƙasar ta tare a ciki. Irin waɗannan gine-gine sukan fi gwamnatin da ta yi su tsawon rai, rushe su ya gagara, riƙe su kuma ya yi tsada. Bambancin madatsa da fada shi ne, fada ana iya rufe ɗakunanta a tafi, madatsa kuwa kowace rana sai wani ya yanke shawarar yawan ruwan da zai fita da wanda zai samu.

A cikin gida, madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato ita ce mafi kusa. A can ma fadamar ƙasan kogi ta yi asarar shinkafa da kifi, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyya, aka kashe mutane da dama.

Halin da ake ciki

Dausayin ya sami kariya a takarda. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Najeriya, a 2008 kuma aka ƙara Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe.

Jigawa ita ma yanzu tana da nata babban aikin noman rani. Aikin Kwarin Haɗejiya yana ƙaramar hukumar Auyo, garin Auyokawa, waɗanda harshensu na asali, ɗan uwan Bade da Ngizim, ya ɓace suka koma Hausa. Wani shinge a kan kogi ne ke tare ruwan da aka saki daga Tiga da Chalawa ya tura shi gonaki. An gyara aikin, tare da na Kogin Kano, ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da shi a watan Janairun 2023. Wannan ya sauya fasalin gardamar. Manomin shinkafa a Auyo yana bukatar a saki ruwa da rani, kamar takwaransa na Kura. Masunci da makiyayi a Guri ko Nguru suna bukatar ruwa da damina, bushewa da rani. Saɓanin da a da yake tsakanin Kano da Jigawa ya shigo cikin masarautar Haɗejiya kanta.

Kogin Jama'are ne kaɗai babban reshen da ba a datse ba, kuma shi ke kawo yawancin ambaliyar da ta rage a gabashin dausayin. An fara gina madatsar Kafin Zaki a kansa a jihar Bauchi a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar a 1984, aka sake tayar da aikin a farkon shekarun 1990, aka kuma tsayar. Gwamnatocin Bauchi sun sha neman a kammala ta don noman rani. Yobe da Borno suna adawa, kuma hujjar da suke kafawa ita ce abin da ya biyo bayan Tiga a Kogin Haɗejiya.